Ina za a ɗora dandalin? Girgije, sabar haya, ko ɗakin kanku a Maraɗi

Duk fadar da masu rubuta manhaja suke zama a Maraɗi, ba a daɗewa sai wani ya kawo maganar kafa dandalin sada zumunta namu na kanmu: wanda zai yi Hausa tun daga maɓallin shiga, ya ba saƙon murya muhimmanci, ya yi aiki ko da rezo ya yi rauni a hanyar Dakwaro. Buri ne mai kyau, kuma ina cikin masu son ganin ya tabbata. Sai dai hirar takan tsaya a kan abin da ido ke gani, wato suna da launi da tambari. Abin da zai raya dandalin ko ya kashe shi yana can baya: injinan da ake kira saba, waɗanda ke karɓar kowane rubutu, su ajiye kowane hoto, su miƙa shi ga dubban wayoyi a lokaci guda, da kuma takardar kuɗin da za ta zo ƙarshen wata.

Hanyoyi huɗu ne a gabanku. Ko ku jingina da shiryayyen aiki irin Firebase ko Supabase, ko ku shiga babban girgije, wato injinan manyan kamfanoni da ake biya gwargwadon amfani, irin AWS ta Amazon, Google Cloud da Azure, ko ku yi hayar saba a kamfanoni irin Hetzner da OVHcloud ku kula da ita da kanku, ko kuma ku sayi injina ku kafa ɗakinsu a nan gida. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ga ƴan Maraɗi masu ƙaramin jari, sabar haya a Turai ta fi, da sharaɗin a raba hotuna da bidiyo a kai su wurin da ba a biyan kuɗin fitar da su. Ga dalilaina.

Mu fara da ɗakin kanku, domin shi ya fi jan hankali, shi kuma ya fi saurin faɗuwa idan aka zauna aka yi lissafi. Hujjar masu son sa tana da ƙarfi: bayanan mutanenmu su zauna a ƙasarmu, babu wani kamfanin waje da zai wayi gari ya rufe mu. Wannan tsoron ba na banza ba ne, don a watan Janairun 2021 AWS ta sallami dandalin Parler, ya kwashe makonni ba ya aiki. Amma saba tana son wuta dare da rana, da sanyi, da layin intanet biyu daga kamfanoni daban, saboda idan ɗaya ya yanke ɗayan ya riƙe. Wutar Maraɗi da Damagaram ta dogara da layin da ke shigowa daga Katsina, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce maki 40, da hunturu kuma ƙura ce ke cika fankar inji. Sai kun haɗa sola, batura, injin wuta da gazuwal ɗinsa, na'urar sanyaya ɗaki, da mai gadi, duk kafin mutum guda ya yi rajista. Idan faifai ya ƙone da tsakar dare, sai an jira saƙo daga Kano ko Yamai. Manyan da suka koma injinan kansu, kamar Dropbox da ya kwashe mafi yawan kayansa daga AWS wajen 2016, sun yi haka ne bayan sun girma har kuɗin haya ya fi na gini. Wannan mataki na gaba ne, ba na ranar buɗewa ba.

Sai shiryayyen aiki. Firebase, wanda Google ta saya a 2014, yana ba ku rajistar masu amfani, rumbun bayanai, ajiyar hotuna da sanarwar waya ba tare da kun taɓa saba ba. Ga ɗalibin da ke son nuna wa mai jari abin da ke motsi a waya nan da ƴan makonni, babu kamarsa. Matsalar tana cikin yadda yake lissafin kuɗi. Rumbunsa na Firestore yana ƙirga kowace takarda da aka karanta, kuma kyautar da yake bayarwa karatu 50,000 ne a rana. Ku ɗauki mutum 1,000 kacal, kowa ya buɗe manhaja sau 10 a rana, kowace buɗewa ta kawo rubutu 20. Karatu 200,000 ke nan, ninki huɗu na kyautar, tun ba a ƙirga sunan marubuci da sharhi da adadin masu so ba. Dandalin zumunta kuwa karatu ne aikinsa: mutum ɗaya ya rubuta, ɗari su leƙa. Don haka kuɗin yana hawa daidai da yawan zaman mutane a manhajar, wato daidai abin da kuke addu'ar samu. Ga kuma wahalar tambayoyi masu sarƙaƙiya, irin "nuna mini rubutun abokaina da na abokan abokaina na yau", waɗanda wannan tsarin rumbu bai dace da su ba. Ranar da kuka so tashi ma, kusan sai an sake rubuta rabin manhajar. Waɗanda suka gina a kan Parse, wani shiryayyen aiki irin Firebase, sun ɗanɗana wannan lokacin da Facebook ta sanar da rufe shi a 2016, ta ba su shekara guda su kwashe kayansu.

Supabase ya fi sauƙin sha'ani ta wannan fuska, saboda rumbun bayanai na PostgreSQL ne a ƙarƙashinsa, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na iya ɗauka ya ɗora a injinsa. Idan kun gaji da biyan su, kuna iya ɗauke rumbunku ku ɗora a sabarku. Duk wanda ya nace sai ya fara da shiryayyen aiki, shi zan ce ya ɗauka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: babban girgije ko sabar haya.

Babu mai musun abin da girgije ke iya yi. Instagram ta buɗe a watan Oktoban 2010, ba da daɗewa ba ta koma kan AWS, da kayan gina manhaja na Django da rumbunan PostgreSQL da Redis, kuma lokacin da Facebook ta saye ta dala biliyan 1 a Afrilun 2012 ma'aikatanta 13 ne, masu amfani kuwa wajen miliyan 30. Girgije ne ya ba su damar ƙara injina cikin mintuna duk sanda jama'a suka ƙaru. Yana kula da rumbun bayanai, yana ajiye kwafi, yana sauya injin da ya mutu ba tare da an tashe ku daga barci ba. Amma Instagram tana da masu zuba jari da dala. Ku kuwa daga aljihu za ku biya, ko daga na wani Alhaji da ya yarda da ku, wanda zai tambayi lissafi kowane wata.

Abin da ke cinye kuɗi a girgije ba injin ba ne, kuɗin fita ne. Duk abin da ya bar sabar AWS zuwa wayar mutum ana cajinsa, kusan santi 9 na dala a kan kowace giga a yankunan Turai da Amurka, bayan giga 100 ta kyauta a wata. Ku yi lissafin da kanku. Bidiyo mai matsakaicin kyau, a kan megabit 1 a daƙiƙa, yana cin mega 7.5 a minti. Mutum 10,000, kowa ya kalli minti 20 a rana, giga 1,500 ke nan a rana, 45,000 a wata. Wannan ya kusa dala 4,000, sama da sefa miliyan 2, a kan fita kaɗai, ba a yi maganar ajiya ba, ba a yi maganar injinan da ke rage girman bidiyo ba. Kuma mutum 10,000 ba su kai cikin unguwa ɗaya mai yawan jama'a ba. To ku sauya bidiyon da murya. Da tsarin matse sauti na Opus, a kan kilobit 16, minti guda bai wuce kilobait 120 ba. Waɗannan mutanen, da mintunan nan 20, giga 720 za su ci a wata, abin da bai kai dala 70 ba. Na daɗe a kan wannan lissafin ne don ina ganin shi ne shawara mafi girma da za ku yanke, ya ma fi zaɓin kamfani. Mutanenmu masu murya ne. Ɗan kasuwa a Tasawa, mai awo a Gidan Rumji, uwa da ke gaishe da ɗanta a Agadas, duk sun fi danna maɓalli su yi magana a kan su rubuta. Dandalin da ya fara da murya da hoto, ya ɗaure bidiyo a kan daƙiƙa 30 ko minti guda, ya sauƙaƙa wa kansa ya kuma sauƙaƙa wa mai sayen data.

A nan sabar haya ke nuna amfaninta. Hetzner, da ke da cibiyoyi a Jamus da Finland, tana haɗa wa ƙananan sabobinta na Turai fitar da ta kai tera 20, wato giga 20,000, a wata cikin kuɗin haya. OVHcloud ta Faransa ita ma ba ta bin yawancin sabobinta kuɗin fita giga-giga. Farashin a yanke yake, kun san abin da za ku biya tun farkon wata. Ga wata riba da ba a cika ambatawa ba: da yuro ake biya, kuma sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Maƙwabtanmu na Katsina da Kano da ke biyan girgije da dala sun ga yadda takardarsu ta kumbura bayan an saki naira a 2023, alhali ba su ƙara inji ko ɗaya ba. Mu wannan tashin hankalin bai shafe mu ba muddin da yuro muke biya, gwargwadon yadda tsarin kuɗin yake a yau.

Nauyin da ke tattare da sabar haya kuma a fili yake. Ku ne za ku sabunta Linux, manhajar da ke tafiyar da sabar, ku toshe ƙofofin da masu kutse ke bi, ku sa ido a kan faifai kada ya cika. Idan saba ta tsaya da ƙarfe 3 na dare, wayar ɗayanku ce za ta yi ƙara. Kwafin ajiya kuwa ba wasa: a watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH a Strasbourg, kuma waɗanda kwafinsu ke cikin wurin guda sun rasa komai. Kowane dare a kai kwafin rumbu wani kamfani daban, a wata ƙasa daban, kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da shi a ga ko yana buɗuwa. Idan babu ko mutum ɗaya a cikinku da hannunsa ya faɗa a kan Linux, ko mai niyyar koyo da gaske, to gaskiya gara ku biya girgije tsadarsa, ku tsaurara iyakar bidiyo.

Hotuna, murya da bidiyo kada su zauna a faifan sabar da ke gudanar da manhaja, kowace hanya kuka bi. Ma'ajiyar S3 ta AWS tana karɓar kusan santi 2.3 a kan giga a wata, sannan ta bi ku kuɗin fita. R2 ta Cloudflare santi 1.5 take karɓa, ba ta kuma karɓar kuɗin fita. Ga dandalin da kallo ya fi ɗorawa yawa, bambancin ya isa ya biya albashin mutum. A gaban ma'ajiyar a sa tsarin rarraba kaya da ke ajiye kwafin hoto kusa da mai kallo, domin hoton da aka buɗe sau dubu kada ya taso daga Jamus sau dubu.

Ta ɓangaren ginin manhajar kuwa, akwai jarabar da nake roƙon ku guje mata. Matashi ya karanta yadda manyan kamfanoni suka yayyanka tsarinsu gida ɗari, kowane da rumbunsa, sai ya ce shi ma da manyan kayan aikinsu, irin Kubernetes da Kafka da Cassandra, zai fara. Tarihinsu bai nuna haka ba. Facebook ya fara a 2004 da PHP da MySQL, daga baya ya ƙara memcached. Dandalin hira na Discord ya fara da rumbun MongoDB, da saƙonni suka yi yawa ya koma Cassandra, bayan shekaru ya sake komawa ScyllaDB. Kowane sauyi ya zo ne bayan ciwo ya bayyana. WhatsApp, da harshen Erlang, ya riƙe haɗi sama da miliyan 2 a kan saba guda a 2012, kuma da ƴan injiniyoyi kaɗan ya kai mutum miliyan 450 lokacin da aka saye shi a 2014. Manhaja dunƙulalliya guda, da Django ko Laravel ko duk abin da kuka fi ƙwarewa, PostgreSQL a saba ɗaya, Redis a gefe don abin da ake yawan nema, da layin jira don ayyuka masu nauyi kamar matse hoto da tura sanarwa: wannan zai kai ku nesa fiye da yadda kuke zato.

Wurin da za ku fara jin nauyi shi ne shafin farko, inda kowa ke ganin rubutun waɗanda yake bi. Hanya biyu ce, kamar sanar da biki: ko a bi gida-gida ana raba kati, ko a liƙa takarda a ƙofar masallaci kowa ya zo ya duba. A ta farko, da mutum ya yi rubutu sai a tura shi cikin jerin kowane mabiyinsa, don haka buɗe manhaja ba ya ɗaukar lokaci, amma rubutu guda na malami mai mabiya 200,000 ya zama aiki 200,000. A ta biyu, babu aiki lokacin rubutu, sai dai duk wanda ya buɗe manhaja sai rumbu ya tattaro masa daga kowa da yake bi. Twitter ya sha wahalar wannan. Waɗanda suka yi amfani da shi lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010 sun saba da hoton kifin nan da tsuntsaye ke ɗagawa, alamar injina sun gaza. Daga baya ya haɗa hanyoyin biyu: a tura na talakawan masu amfani, na masu miliyoyin mabiya kuma a ɗauko lokacin karatu. Ku fara da ta biyu, don ta fi sauƙin rubutawa kuma PostgreSQL zai ɗauka idan an tsara teburan da kyau. Ranar da shafin farko ya fara jan ƙafa, sai ku kawo ta farko a kan Redis.

Akwai gajeriyar hanya da ya kamata a ambata, wato ɗaukar Mastodon, buɗaɗɗiyar manhajar da Eugen Rochko ya fitar a 2016, a ɗora a sabar haya a fassara ta. Cikin kwana ɗaya kuna da dandali mai aiki. Lasisinta ya wajabta muku bayyana duk gyaran da kuka yi mata, kuma an gina ta ne don gajeren rubutu, ba don murya ba. Ta dace da ƙungiya ko jami'a, kamar ɗaliban Ɗan Dikko Ɗankulodo su yi dandalinsu. Ga mai son gina sana'a a kan murya, gyaranta zai fi rubuta sabuwa wuya.

Abubuwa biyu kan zo wa mutane ba shiri. Na farko saƙon tabbatar da lambar waya. Kowane SMS kuɗi ne, ko mutumin ya ƙarasa rajista ko bai ƙarasa ba, kuma akwai ƴan damfara da ke sa injina su yi ta neman lamba don su ci riba. A sa iyaka a kan kowace lamba da kowace waya tun ranar farko. Na biyu biyan kuɗin kansa. Kamfanonin saba da girgije ba sa karɓar Airtel Money ko Nita, katin banki suke so, wasu har da hoton fasfo kafin su buɗe muku asusu. Kati kan ƙi wucewa ba tare da dalili ba, kuma idan biya ya makara ana iya dakatar da saba. Ku tanadi kati biyu daga bankuna biyu, ku riƙa zuba kuɗin watanni a gaba inda aka yarda da haka.

Kada kuma a manta da doka da tarbiyya. Lambobin waya da hotunan mutane amana ne, kuma Nijar tana da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP. Tun da bayanan za su zauna a wata ƙasa, ku je ku ji abin da hukumar ke buƙata kafin ku buɗe. Maɓallin kai ƙara da shafin da mai sa ido zai goge abin ɓatanci ko ya dakatar da asusu, suna cikin ginin farko. Na'urorin tace zagi ba su ƙware da Hausa ba, balle Hausar da aka faɗa da baki, don haka mutane ne za su saurara, kuma albashinsu yana cikin lissafi. Dandalin Koo na Indiya, wanda gwamnatin Najeriya ta koma kansa lokacin da ta dakatar da Twitter a 2021, ya tara miliyoyin mutane amma ya rufe a Yulin 2024 saboda kuɗi sun gaza.

Saura tambayar wace ƙasa. Taswira tana iya ruɗar mutum. AWS tana da yanki a Cape Town tun 2020, Google kuma a Johannesburg tun 2024, sai a ɗauka tun da Afirka ce sun fi kusa. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen gaɓa yake bi ya shiga wayoyin ƙarƙashin ruwa, kuma sau da yawa hanyar Turai ta fi miƙewa. Wayoyin nan ma suna yankewa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Wannan ya sa dole manhajar waya ta iya riƙe saƙo ta tura shi idan rezo ya dawo, ta kuma ci gaba da ɗora murya daga inda ta tsaya. Idan kuma kuna hasashen yawancin mutanenku za su fito ne daga Jibiya, Katsina da Kano, to cibiyoyin bayanai na Legas sun shigo lissafi.

Awo ne zai raba gardamar, kuma ba shi da tsada. Ku yi hayar ƙaramar saba ta ƴan kwanaki a Faransa, wata a Jamus, wata a Afirka ta Kudu, ku ɗora hoto guda da murya guda a kowace. Ku ɗauki waya mai araha, irin wadda yawancin mutane ke riƙewa, da layukan Airtel, Moov, Zamani da Niger Télécom, ku gwada buɗe su a cikin babbar kasuwa da rana tsaka, a unguwar Zariya bayan isha'i lokacin da kowa ke kan waya, sannan a Madarunfa ko Tibiri. Ku rubuta daƙiƙun da kowace ta ɗauka. Wadda ta fi sauri a layin da ya fi rauni, a can za ku ɗora rumbun bayanai, ta biyunta kuma ta riƙe kwafin dare.